Rauni daban, cuta daban, ɓarna daban

Wani matashi mai fassara labarai a gidan rediyo ya rubuto daga Katsina yana cewa: "Malam, kullum ina cin karo da *injure* da *wound* da *hurt* da *harm* da *damage*, ni kuwa kusan duk 'jikkata' nake sa musu. Shin akwai bambanci?"

Akwai, ɗana, babba kuwa. Bature yana duban abu biyu: me ya jawo abin, kuma wa ya samu. In makami ne ya huda fata, kamar harsashi ko wuƙa, sai ya ce *wound*, shi ya sa za ka fi jin ta a labarin yaƙi. In hatsarin mota ne ko faɗowa daga bene ko gocewar ƙafa a filin ƙwallo, *injure* ce. Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin zalunci ko take haƙƙi, amma yau ta fi zama a kan tsautsayi. *Hurt* ta kowa ce, tana nufin jin zafi, na jiki ko na zuciya. *Harm* ta fi su faɗi, ko hayaƙin taba yana yin ta. *Damage* kuwa ta kaya ce, gida da gona da gada, har da suna. Ka yi hattara da ita a labarin kotu: in an ƙara mata harafin *s* a ƙarshe ta koma diyyar da alƙali ya yanke, ba ɓarnar ba.

Bahaushe ba nan ya sa ido ba. Shi yadda abin ya auku yake bi. Wanda ya faɗi a kan tsakuwa ya ƙuje ko ya gurje. Wanda ƙafarsa ta murɗe ya yi targaɗe, in ƙashi ya bar mazauninsa ya goce, in ya tsage tsagewa ce, in ya rabu biyu karaya. Adda da gatari sara suke yi, mashi da ƙaya suka, aska yanka, wuta ƙuna. Raunin da ya kwana biyu ya zama miki, wanda ya ƙi warkewa gyambo, wanda ya warke ya bar tabo. In aka taɓa tsohon ciwo ya dawo ɗanye, an fama shi, kuma ana fama wa mutum baƙin cikin da ya fara mantawa. To mai wannan dukiya ta kalmomi me zai sa ya tattara kowa ya ce sun jikkata? Jikkata tana da nauyi, ta wanda ya sha wuya ce har ya galabaita. Yaron da ya ƙuje gwiwa ciwo ya ji kawai. Abin yana damuna, don mai sauraro da ɗan'uwansa ke cikin motar da ta kife yana auna kowace kalma da kuka furta.

Sai ka kula da masu fuska biyu. Rauni yana nufin ciwo, yana kuma nufin rashin ƙarfi, kamar yadda malamai ke cewa hadisi mai rauni. Cuta rashin lafiya ce, amma "ya cuce ni" zalunci ne. Da ita aka fassara hadisi na 32 a Arba'una ta Nawawi, "ba cuta ba cutarwa", kuma ita ta fi dacewa da *harm* a wurare da yawa. Illa da ta'adi da asara daga Larabci muka aro su. Shanu in sun shiga gona ɓarna suka yi, ambaliya ma haka, amma ta'adi ya fi karkata ga abin da mutum ya yi da hannunsa ya wuce iyaka. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da irin wannan tantancewa: raunin kai da ya bayyana ƙashi diyyarsa raƙuma 5, raunin da ya huda har cikin ciki kuwa sulusin cikakkiyar diyya.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambayi bambancin "garin gyaran gira a rasa ido" da "gyaran gangar Auzinawa".

Malama, dukansu a kan gyaran da ya koma ɓarna suke, sai dai ba lokaci ɗaya ake faɗinsu ba. Na farko gargaɗi ne tun ba a yi ba: abin da kike son gyarawa ƙarami ne, wanda ke kusa da shi kuwa ba a samun madadinsa. Ana faɗa wa mai son rushe aure saboda ƙaramin saɓani. Na biyu an fi faɗinsa bayan aikin gama ya gama, kamar ki kai wa tela riga ya rage mata tsawo, ya dawo miki da ita ba ta sawuwa.