Ɗanki ya fara samun kuɗi, wa zai biya lanho?

Hajiya, kin tambaya ko kuɗin da ɗanki mai shekara 22 ke samu, yana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kuma yana ɗan aiki a gefe, za a haɗa su da albashin mahaifinsa wajen haraji.

Ba a haɗawa. Harajin albashi, wanda ake kira ITS, kan mai albashin yake, kuma mai gidan aiki ne ke cire shi duk wata tun kafin kuɗin su iso hannu. In an ɗauki yaron aiki da takarda, nasa daban.

Inda abin ke shafar mahaifin shi ne rangwamen iyali. Ana rage wa ma'aikaci ITS gwargwadon mutanen da ke wuyansa, kuma yaron da ya fara cin albashin kansa na iya fita daga wannan lissafi. Wani maƙwabcina a unguwar Zariya bai sanar cewa ɗansa ya fara cin albashi ba sai da aka tono, ya yi ta zarya da takardu a aljihun babbar riga. Gara Alhaji ya ɗauki takardar albashinsa da shaidar karatun yaron, ya je ofishin DGI, wato hukumar haraji, na nan Maradi a duba masa.

In kuwa sana'a ce, kamar gyaran salula ko tebur a babbar kasuwa, wannan wata hanya ce: akwai harajin ƙananan ƴan kasuwa da kuɗin tikitin magajin gari, dukansu da sunan yaron. Jaka biyar ɗin da kike ba shi ta kabu-kabu kuwa, babu ruwan lanho da ita.