Rajistar ƙungiyar manoma da Dokar Kare Bayanai: wa ke da ikon ganin ta?

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasar Argungu. Rajistarmu tana ɗauke da sunayen mambobi, lambobin wayarsu, lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da lambar tantancewa ta banki (BVN), da bashin da ake bin kowa. Wani dillali ya ce zai samo mana taki da rahusa idan muka ba shi kwafin rajistar gaba ɗaya. Shugabanmu kuma yana son a ɗauki hoton shafin masu bashi a tura wa kowa a WhatsApp domin su ji kunya su biya. Wani matashi ya ce doka ta hana duka biyun. Shin gaskiya ne, alhali mu ba kamfani ba ne?

Amsa: Malam Sakatare, matashin nan yana da gaskiya a mafi yawan maganarsa. Dokar da yake nufi ita ce Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ce ta kafa hukumar da ake kira NDPC domin sa ido a kan masu riƙe bayanan mutane. Kafin ita akwai ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta fitar a 2019, tushensu duka kuwa shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya.

Kasancewarku ba kamfani ba bai fitar da ku daga ciki ba. Wanda dokar ta ɗauke wa nauyi shi ne mai ajiye bayanai don harkar kansa ko ta gidansa kaɗai, kamar magidancin da ya rubuta lambobin 'yan'uwansa a ɗan littafi. Ƙungiya kuwa, da zarar ta yanke shawarar abin da za ta karɓa daga mutane da abin da za ta yi da shi, ta zama mai riƙe bayanai a idon doka, ko a kwamfuta ta ajiye su, ko a littafin rajista mai bangon kwali da ke cikin akwatinka.

Dokar ba ta hana ku karɓar waɗannan bayanai ba, kuma manoman Kebbi sun saba da bayar da su tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Abin da ta ɗaure ku da shi shi ne manufa. Duk bayanin da aka karɓa domin wani dalili da aka faɗa wa mai shi, ba a juya shi zuwa wani dalilin da ya saɓa wa na farko, kuma ba a karɓar fiye da abin da aikin yake bukata. Manomin da ya miƙo maka takardar NIN ɗinsa domin a saka shi cikin jerin masu neman rance, bai ba ka ita domin ka miƙa wa kowane baƙo da ya zo da alkawari ba. Amana ce ya ba ka, kuma doka ta ɗora wa ƙungiya, ba shi ba, nauyin kawo hujjar cewa ya yarda. Shirun da ya yi a wurin taro ba yarda ba ce.

A kan wannan ma'auni, maganar dillali ba ta da wuyar yankewa. Mai sayar da taki yana bukatar ya san yawan buhunan da ake so, da inda za a sauke su, da wanda zai biya. Ban ga abin da ya haɗa buhun taki da lambar BVN ta mutum ba. Wanda ya haɗa sunan manomi, da lambar wayarsa, da waɗannan lambobi biyu masu alƙaluma goma sha ɗaya-ɗaya, ya sami abin da zai kira shi da shi ya ce daga banki yake, ya karanto masa bayanansa daidai har hankalinsa ya kwanta, sannan ya nemi ya faɗo masa lambar sirrin da aka turo wayarsa. Ba na cewa dillalinku macuci ne, amma kwafi idan ya bar hannunka, ba ka da ikon sanin hannu nawa zai ratsa.

Batun masu bashi ya fi bukatar natsuwa, domin ƙungiya tana da haƙƙin neman kuɗinta, kuma dokar ta amince da sarrafa bayanai don cika yarjejeniya ko kare halastacciyar maslaha, ba sai da izini a kowane lokaci ba. Idan tsarin mulkin ƙungiyarku ya tanadi karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a taron mambobi, kuma kowa ya shiga da sanin haka, a ganina kuna da madogara. Hoton shafin rajista daban ne. Yana kwashe lambobin da ba su da alaƙa da bashin, ana iya tura shi ga surukan mutum da abokan gabarsa cikin minti ɗaya, kuma manufar da shugabanku ya faɗa da bakinsa, wato kunyatarwa, ba ta cikin dalilan da doka ta sani. Mamban da aka yi wa haka yana iya kai ƙara hukumar NDPC, ko ya nemi diyya a kotu. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka raba rajistar gida biyu: littafin yau da kullum mai suna da lissafi, da kuma wani na lambobin shaida da zai zauna a kulle, kai da ma'aji kaɗai ke buɗe shi. A taro na gaba a bayyana wa mambobi, da harshen da kowa yake ji, ko Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, abin da aka ajiye da waɗanda za a iya ba, sannan kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Su sani cewa suna da ikon ganin abin da aka rubuta a kansu, su sa a gyara kuskure, ko su janye izininsu. Idan kuma littafin ya ɓace, ko aka sace wayar da ke ɗauke da hotonsa, har abin yana iya cutar da mutane, doka ta ba ku sa'o'i 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukumar, su kuma mambobin a gaya musu da gaggawa su yi hattara da kiran da ba su sani ba.

Shi kuwa dillali, ka ba shi jimillar buhuna da lambar wayarka ta sakatare. Wannan ya ishe shi ya kawo taki Argungu.