Littafi Uku Na Fara, Ko Ɗaya Ban Ƙarasa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, 'ya'yana huɗu. Shekara uku ke nan ina fara labari ina ajiyewa. Littafi uku na fara, kowanne da na kai babi na huɗu sai ya tsaya cak. In na koma na karanta sai in ga shirme na rubuta. Anya ina da baiwar nan kuwa, ko in haƙura?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wadda ba ta da baiwa ba ta fara littafi har sau uku. Ciwonki na san shi, don ni ma na yi shi: kina rubutu kina gyara a lokaci guda, kuma ba ki san inda labarin zai ƙare ba.

Littafina na farko sau bakwai na sake babin farko. In shafe sunan tauraruwar, in mayar, in sake mata gari. Da na gaji na tura shi ƙarƙashin gado cikin kwalin taliya. Bayan damina biyu na jawo kwalin, ashe gara ta riga ni karantawa, gefen takardun duk ya zama ƙasa. Na yi kuka, amma gaskiya abin da ta ci bai wuce babi uku ba, don iyakar abin da na rubuta ke nan.

Ki zaɓi ɗaya cikin ukun nan, sauran biyu ki kulle su a durowa. Kafin komai ki rubuta shafin ƙarshe: wa ya mutu, wa ya auri wa, wa asirinsa ya tonu. Direban da ya san Zariya za shi ba ya tsayawa a Giwa yana tambayar kansa hanya.

Sai ki sayi littafin rubutu irin na ɗalibanki, ki ɗaukar wa kanki shafi ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin yara su tashi neman koko. Shafi ɗaya kalma 200 ce ko kusa. A wata shida kin haɗa kalma 36,000, littafi ne sosai. Sharaɗin kawai, ba komawa baya. Ko kin ga kin yi kwaɓa, ki sa alama a gefe ki wuce.

Ban ba ki shawarar sakin labarin a WhatsApp tun bai kammala ba. Masu karatu za su yi ta "muna jiran cigaba", wata ta ce a kashe kishiyar, wata ta ce a bar ta, ki wayi gari labarin ba naki ba ne.

In kina son ɗanɗana daɗin kammalawa da wuri, ki gwada gajeren labari. BBC Hausa na shirya gasar Hikayata ta mata tun 2016, kuma wa'adin rufe karɓar labari kan tilasta wa mutum ajiye biro. Hatta littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa na boko daga gasa suka fito, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933.

Ranar da kika rubuta "Tammat bi hamdillah", ki rufe littafin wata guda cur. Sannan ki ɗauko jan biron da kike duba aikin yara da shi.