Amsa: Wace rauta mai waya ta dace da gida?

Malam, kamar yadda na fahimta, kamfanin intanet ya saka maka modem (akwatin da ke shigo da intanet gida), kana so ka haɗa kwamfutoci biyu da talabijin ta hanyar waya (kebul), ba ka buƙatar Wi-Fi.

Kafin ka kashe kuɗi, duba akwatin da suka saka maka. Yawancinsu rauta ne tun asali, wato na'urar da ke raba intanet ga na'urorin gida. In haka ne, suwich (akwatin ƙara ramukan waya) mai ramuka 5 ko 8 ya wadatar, kuma ya fi araha. Dora rauta a kan rauta yakan dagula kiran bidiyo da wasanni, sai dai a maida akwatin kamfanin modem zalla.

In dai sai rautar, abin dubawa na farko shi ne ramukan. Kar ka yarda da mai rubutun 10/100, ba ta wuce megabit 100 a daƙiƙa, ko da kana biyan kuɗin 200. Nemi mai Gigabit, 1000 ke nan, har ramin WAN ɗin ma, wato wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, nan ne ake yawan yaudarar mutane. Cikin irin waɗannan rautoci, TP-Link ER605 tana da sauƙin saiti. MikroTik hEX kuwa ƙarfi gare ta, amma saitinta sai wanda ya goge; ni ba na ba sabon shiga shawararta.

Waya kuma ka sayi Cat5e ko Cat6 ta jan ƙarfe tsantsa, kada tsayinta ya wuce mita 100. Ka canja kalmar sirrin da rautar ta zo da ita ranar farko, ka kuma saka mata ƙaramin UPS (batirin ajiyar wuta) saboda ɗauke wuta.

In layinka na PPPoE ne, wato mai buƙatar suna da kalmar sirri kafin ya haɗu, karɓi sunan shiga da kalmar sirri daga kamfanin. Jan waya cikin bango kuwa, kira ma'aikaci.