Ruwan ne ya yi musu yawa

'Yar uwa kin ce furannin da kika dasa a bayan gida da sanyi ya wuce suna ta yaushi duk da kullum kina ba su ruwa, to ai ruwan ne ya yi yawa wallahi, saiwar ce ke ruɓewa. Ki tsoma yatsa cikin ƙasar, in da laima ki bari sai gobe, kuma da sassafe ya fi. Wardi kam yana son rana kamar awa 6. Furen da ya bushe ki tsinke, wani zai fito. Ni dai in na leƙa da safe na ga toho ya buɗe da raɓa a kansa, ƙudan zuma na ta shawagi, har makara nake wajen aiki.