Da wane allo zan fara koya wa ɗalibai sarrafa na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Agege. Ina son buɗe wa ɗalibai ajin ranar Asabar na koyon maikrokontrola, wato ƙaramar kwamfuta a kan allo da ake ba umarni ta sarrafa na'urori. Su ashirin ne, laptop uku kawai gare mu, kuɗin ma ba yawa. Wani ya ce in sayi ESP32, wani ya ce Raspberry Pi Pico. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumussalam Malam, Allah ya saka da alheri, wannan aiki ya faranta mini rai. Shawarata ka fara da Arduino Uno.

Ba don ya fi su ƙarfi ba. Ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P, kilobait 32 kacal take da shi na ajiye umarni, ESP32 kuwa har Wi-Fi da Bluetooth gare shi. Amma wanda bai taɓa kunna ƙwan LED da hannunsa ba, ina ruwansa da Wi-Fi? Tun 2005 aka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba, kuma da wuya yaro ya ci karo da matsalar da wani bai riga ya warware ta a intanet ba. Uno da bolt 5 yake aiki, kamar yawancin ƙananan kayan da za ka samu a kasuwa. Pico da ESP32 bolt 3.3 ne, yaro na kuskuren cusa wa ƙafarsu, wato wurin jona waya a jikin allon, bolt 5 allon na iya ƙonewa.

Ga inda nake so ka natsu. Idan ka shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ka duba allon da kyau. Akwai Uno mai doguwar ƙwaƙwalwa da ke zaune a cikin soket, akwai mai ƙaramar da aka liƙe da dalma. Mai soket ka ɗauka, domin ranar da ta ƙone, kuma a ajin 'yan koyo sai ta ƙone, ita kaɗai za ka sauya, sai dai ka nemi wadda aka riga aka ɗora wa butloda, ƙaramar manhajar da ke ba ta damar karɓar umarni daga kwamfuta. Mafi yawan masu araha kuma suna ɗauke da guntun CH340 mai haɗa allon da kwamfuta ta USB, wanda wasu kwamfutoci ba sa ganinsa sai an sa masa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Ka sauke direban a filashi tun daga gida.

Allo biyar sun isa, ɗalibai huɗu kan kowanne. Ragowar kuɗin ka zuba a allon gwaji mai ramuka, da wayoyi, da ƙwayayen LED, da rizista mai om 220, da maɓallai. Su ne ke ɓacewa kullum.

Manhajar rubuta umarni kuwa Arduino IDE, kyauta ce kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Ranar farko ku buɗe misalin Blink, fitilar ƙafa ta 13 ta fara ƙyaftawa, sannan ka bar su su sauya lambar 1000 da ke cikin umarnin su ga abin da zai faru. Idan an ɗauke wuta, bayan an tura umarnin pawabank ma yana riƙe allon.

Pico, wanda ya fito 2021, ka ajiye shi sai zango na biyu, ku haɗa shi da harshen rubuta umarni na MicroPython da manhajar Thonny da ake rubuta shi a ciki.

Tambaya: Ni uwa ce a Idi-Araba. 'Yata shekararta tara, za ta iya?

Amsa: Za ta iya, Hajiya. Ki nema mata ƙaramin allon micro:bit, wanda BBC ta raba wa 'yan makaranta a Birtaniya a 2016. Fitilu 25 da maɓallai suna jikinsa, ba sai an jona su da wayar lantarki ba, kuma a MakeCode, shafin da ake haɗa masa umarni, tubalan umarni take jerawa maimakon rubutu. Kafin ki kashe ko sisi, ta buɗe shafin MakeCode, akwai micro:bit na kwaikwayo a cikinsa da zai nuna mata abin da ta haɗa.