Allurar feftayid da raguwar sha'awa ga matar aure: amsar likita

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, shekaruna 34, 'ya'yana huɗu, ƙaramin watansa tara kuma ina shayar da shi. Tun da na haife shi sha'awata ta ɗauke, har ta kai ina fargabar ranar girkina, ga kuma zafi da nake ji lokacin saduwa. Maigida bai yi mini faɗa ba, amma ina ganin canji a fuskarsa. Na sha tsimi da gumba, na yi matsi, babu abin da ya sauya. Yanzu wata mai sayar da kayan mata ta tallata mini wata allura a WhatsApp mai suna PT-141, ta ce feftayid ce daga Amurka kuma likitocin can sun amince da ita. A cikina na ƙarshe an ce ina da hawan jini, ina shan magani amma ba kullum ba. In saya ko kada in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaron, ya ƙara miki lafiya. Kada ki sayi wannan allura, kuma kada ki yarda kowa ya yi miki ita a halin da kike ciki yanzu. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, domin mai tallar ba ƙarya zalla ta faɗa ba, akwai gaskiya a cikin maganarta, sai dai ta ɓoye miki ɓangaren da ya fi shafar lafiyarki.

Da farko, feftayid ba sunan magani ɗaya ba ne. Jikin ɗan'adam yana gina furotin ne daga wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, yana jera su kamar 'ya'yan carbi a zare. Idan jerin ya yi tsawo sosai ana kiransa furotin, idan gajere ne ana kiransa feftayid. Insulin da masu ciwon suga suke yi wa kansu yana cikin wannan dangi, haka ma oksitosin, allurar da ake yi wa mai naƙuda ko wadda ta haihu domin mahaifa ta tsuke. Galibinsu ta allura ake ba da su, saboda idan aka haɗiye su ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da nama.

PT-141 lambar gwaji ce ta wani feftayid mai amino asid bakwai, wanda sunansa na magani shi ne bremelanotide, ana kuma sayar da shi a Amurka da sunan Vyleesi. Asalinsa yana da dangantaka da abin da zan gargaɗe ki a kansa nan gaba. Tun a shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Arizona suka haɗa wani sinadari mai suna Melanotan II domin ya duhunta fatar Turawa ba tare da sun kwanta a rana ba, sai aka lura cewa yana motsa sha'awar mazan da aka gwada shi a kansu. Daga wannan sinadari ne kamfanin Palatin ya fitar da bremelanotide. Bambancinsa da Viagra shi ne, Viagra tana buɗe hanyoyin jini ne a al'aura, shi kuwa wannan a ƙwaƙwalwa yake aiki, a kan wasu mashigai da ake kira na melanokotin, kuma dangin waɗannan mashigai ne suke cikin fata suna sarrafa launinta.

A watan Yunin 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin maganar mai tallar. Amma hukumar ta ɗaure amincewarta da sharuɗɗa. Maganin na macen da ba ta daina al'ada ba ne, wadda a da tana da sha'awa daga baya ta rasa ta, rashin ya zama a kowane hali, kuma yana damunta ita kanta ƙwarai. Sharaɗi mafi nauyi shi ne, kada rashin sha'awar ya kasance wata rashin lafiya ce ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta haddasa shi, ko wani magani da take sha, ko saɓani tsakaninta da miji. Likitoci kan so su ga matsalar ta kai wata shida kafin su ba ta wannan suna. Ana yin allurar miligiram 1.75 a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, aƙalla minti 45 kafin saduwa, ba a wuce sau ɗaya a cikin awa 24, ba a kuma wuce sau takwas a wata. Idan an yi mako takwas babu canji, sai a daina.

Yanzu ki duba abin da gwajin ya nuna. An yi manyan gwaje-gwaje biyu na tsawon mako 24 a kan mata 1,247, aka raba su gida biyu, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su allurar da babu magani a cikinta, ba tare da sun san wadda suka samu ba. A cikin waɗanda suka samu maganin, kusan kashi 25 cikin ɗari sun sami ƙarin sha'awa da za a iya aunawa. A cikin waɗanda suka samu allurar da ba komai a cikinta, kashi 17 cikin ɗari su ma sun sami irin wannan ƙari. Ke nan ribar maganin ita ce wannan tazara ta kashi takwas. Sannan yawan saduwar da mace ta ce ta gamsu da ita bai bambanta ba tsakanin gidajen biyu. A ganina magani ne na gaske, yana taimakon wasu mata, amma taimakon ɗan kaɗan ne, bai kai ko kusa da kirarin da ake yi masa a intanet ba.

Ga kuma farashin da jiki yake biya. Kusan mata 40 cikin ɗari sun yi fama da tashin zuciya, musamman a allurar farko, wasu har sai da aka ba su maganin amai. Kusan ɗaya cikin biyar ta ji zafi da ja a fuska, ga ciwon kai, ga kumburi ko ƙaiƙayi a wurin allura. Abubuwa biyu kuwa sun fi shafarki kai tsaye.

Na farko shi ne hawan jini. Duk lokacin da aka yi allurar, jini yakan ɗan hau na wasu awoyi, bugun zuciya kuma ya ɗan ragu, kafin su koma daidai a cikin kamar awa 12. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma an haramta maganin ga duk wadda hawan jininta bai daidaita ba da wadda take da ciwon zuciya. Kin ce an same ki da hawan jini a cikinki na ƙarshe kuma ba kullum kike shan magani ba. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar, kuma a gaskiya ya fi damuna fiye da allurar. Hawan jini ba ya faɗakarwa kafin ya taɓa ƙoda ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma a yankinmu likitoci sun daɗe da sanin ciwon zuciyar da ke kama mata a watannin bayan haihuwa. Ina roƙonki ki je a auna jininki a wannan mako.

Na biyu shi ne launin fata. Tunda maganin daga sinadarin duhunta fata aka samo shi, yana iya barin tabo mai duhu a fuska, a dasashi da kuma a nono. A gwajin, kusan mace ɗaya cikin ɗari ta samu hakan, amma takardar maganin ta faɗa ƙarara cewa masu baƙar fata sun fi shiga wannan haɗari, haɗarin yana ƙaruwa sosai idan ana yin allurar kullum, kuma ba lallai ne tabon ya goge ba ko bayan an daina. Yawancin matan da aka yi gwajin a kansu farar fata ne. Ban da wannan, ba a ba mai ciki, kuma ba a gwada shi a kan masu shayarwa ba balle a ce ba ya cutar da jariri.

Duk wannan bayani a kan magani na asali ne, wanda ke zuwa a cikin alƙalamin allura da aka riga aka auna, bisa takardar likita. Abin da ke yawo a intanet da sunan PT-141 galibi gari ne a 'yar kwalba, wanda mai saye zai dama da ruwa ya zuƙa da sirinji, kuma sau da yawa a jikin kwalbar an rubuta da Turanci cewa na bincike ne, ba na amfanin ɗan'adam ba. Babu mai ba ki tabbacin abin da ke ciki, ko yawansa, ko tsabtarsa. Maganin asali ma ana ajiye shi ne a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, to ki tuna zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, ki tuna tafiyar da kwalbar ta yi kafin ta iso hannun mai talla. Duk maganin da za ki sa a jikinki, ki nemi lambar rajistar NAFDAC a kwalinsa, kuma ki saye shi a kantin magani mai lasisi.

Sauran feftayid da ake ambata ba su kai ko nan ba. An gwada shaƙa oksitosin ta hanci a birnin Biyana na Ostiriya, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna bai fi feshin da ba magani a cikinsa ba. Kisfeftin kuma, wanda masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka gwada a kan wasu mata ƙalilan masu wannan matsala a 2022, yana matakin bincike har yanzu. Akwai ƙwayar Addyi da aka amince da ita a Amurka a 2015, amma ita ba feftayid ba ce, kuma tana iya saukar da jini har mace ta suma.

To, mu dawo kanki, domin tambayarki tana ɗauke da amsarta. Mai shayarwa jikinta yana fitar da wani homon, wato sinadarin da jiki ke haɗawa da kansa, mai suna furolaktin mai kawo ruwan nono, shi kuma yana danne aikin ƙwayayen haihuwa, sai homon ɗin istirojin ya yi ƙasa. Idan istirojin ya yi ƙasa, fatar cikin farji takan yi siriri ta bushe, ni'ima ta ragu, saduwa ta zama mai zafi. Jiki kuwa ba ya marmarin abin da ke yi masa ciwo, shi ya sa fargabar da kike ji ranar girkinki ba alamar kin daina son mijinki ba ce. Ki haɗa wannan da rashin barci na mai goyo, da hidimar yara huɗu, za ki ga cewa babu wani abin mamaki a halin da kike ciki, kuma ga yawancin mata yakan sauƙaƙa yayin da shayarwa ke raguwa da kuma bayan yaye. Matsi yana iya ƙara dagula lamarin, domin yawancin abin da ake cusawa busar da wurin yake yi, ya ƙuje fata, ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ki dakatar da shi gaba ɗaya.

Abin da nake so a yi miki a asibiti ba mai tsada ba ne. A auna hawan jini a daidaita maganinsa, a kuma duba irin wanda kike sha, domin wasu magungunan hawan jini suna rage sha'awa kuma ana iya sauya su. A auna yawan jini, saboda ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu bayan haihuwa kuma yana kashe kuzari. A duba suga da aikin halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. A duba gabanki a ga ko akwai sanyi, ko ɗinkin haihuwa da bai warke da kyau ba, ko tabon yankan gishiri idan an taɓa yi miki. Idan kina allurar tazarar haihuwa ko kina shan maganin damuwa, ki faɗa, domin wasu mata suna ganin raguwar sha'awa da su. Idan kuma kina yawan kuka, ko ba kya jin daɗin komai, ko kina jin kin gaza, wannan ma ki faɗa ba tare da kunya ba, domin damuwar bayan haihuwa ciwo ne da ake magancewa. Bushewar kuwa, man santsi mai ruwa da ake sayarwa a kantin magani yakan kawo sauƙi tun daga daren farko, idan bai isa ba likita na iya rubuta miki man istirojin na shafawa a wurin.

Akwai wani abu da nake so ke da maigida ku sani tare. Mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a aure, sha'awa ba ta zuwar musu haka kawai kafin a fara, sai bayan an fara wasa da tausasawa cikin natsuwa take tasowa. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana wannan tun shekarar 2000, kuma ba ciwo ba ne. Canjin da kike gani a fuskar maigida mai yiwuwa zato yake kin guje shi, tunda bai san kina jin zafi ba. Ki zaɓi lokacin da ba na shimfiɗa ba ki faɗa masa, ko ki roƙe shi ya raka ki asibiti likita ya yi masa bayani, domin maza da dama sukan sauko idan suka ji dalilin daga bakin likita.

Za ki iya farawa da asibitin da kika yi awon ciki, ko sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma kina da damar neman likita mace idan hakan zai fi sake miki baki. Ki tafi da katin awonki, da kwalin maganin hawan jinin, da duk kayan matan da kike sha ko kike matsi da su. Idan an gyara waɗannan duka, kin yaye yaron, jininki ya daidaita, amma bayan wata shida sha'awar ba ta dawo ba kuma abin yana damunki, a lokacin ne za a zauna da likitan mata a duba ko wani magani irin wannan ya dace da ke.